Tufkar Bahago

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Mato mai igiya, wanda mutanen gari ke kira Malam Izu-Uku don su ji daɗin bakinsu, zuwa ga ɗansa Tanko. Gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan ta same ka ƙafafunka lafiya, cikinka da abinci, kanka a bisa wuyanka. Allah ya sa inda ka buɗe ta akwai inuwa da ruwa. Allah ya raba ka da maciji, da zazzaɓin hanya, da abokin tafiya mai daɗin baki.

Bayan haka, za ka yi mamakin ganin takarda cikin burgaminka, ƙarƙashin ƙunshin garin da uwarka ta daka maka, alhali zana ɗaya ce ta raba ɗakina da naka. Laifin bakina ne. Sau uku na zo in yi maka magana a makon nan, sau uku wasa ya riga maganar fita. Shekaranjiya na tsaya a kanka kana ɗinke takalmi, zuciyata cike, abin da ya fito shi ne, "Wannan ƙafa taka ko raƙumi ya gan ta sai ya rusuna." Ba ka ɗaga kai ba, kuma ka yi daidai. Shi ya sa na koma ga alƙalami. Ka yi haƙuri da rubutun. Karatuna izu uku ne da ɗan guntu, guntun ma bulala ce ta tura shi ciki. Kai da ka sauke, in ka ga harafi ya kwanta inda ya kamata ya tsaya, ka tashe shi ka wuce.

Labarin gida ka fi ni saninsa, amma zan rubuta shi sau ɗaya don kada ka ce tsoho yana kewaye-kewaye. Wata uku ke nan da mahara suka faɗa wa rijiyar gabas da hantsi, suka tafi da mata biyar, har da matarka Saude, kai kuwa kana kasuwar Waca ka kai gero. Har yau ba mu san mutanen wa ne ba, wasu sun ce daga kudu, wasu sun ce daga arewa. Jinjirarku suka sauke ta daga bayan uwarta suka ajiye a gefen komin da dabbobi ke sha. Kwana tara ta yi tana ƙin nonon akuya, ta koma. Ranar da muka rufe ta liman ya dafa kafaɗarka ya ce, "Tanko, haƙuri, Allah ba ya zalunci." Ka ce, "Malam, matan nan sun yi ta kiran sunansa a bakin rijiya. Ya ji ko bai ji ba? In bai ji ba, wa muke kira? In ya ji, me ya yi?" Tun daga ranar butarka ba ta ga ruwa ba. Gobe kuma za ka bi ayarin masu kanwa zuwa Birni, wurin wani kacalla da aka ce yana ɗibar samari yana ba su bindiga. Ka ce wa uwarka mutanen duniya iri biyu ne, mai ɗaurewa da wanda ake ɗaurewa, kuma ka gaji da zama cikin na biyun.

Ba zan tare maka hanya ba. Ko na tare, da hannu ɗaya za ka ɗauke ni ka jingine da danga. Amsar tambayar da ka yi wa liman ma ba ni da ita, izu uku ba su kai can ba, kuma na lura masu sittin ɗin ma tari suke yi in an zo wurin. Abin da nake da shi kurakurai ne. Su kam Allah ya yi min arzikinsu, rumbu guda. Bari in ɗebo maka.

Zan fara da mai sauƙi, in har akwai mai sauƙi. Ka tuna shekarar da shanu suka mutu, lokacin da ungulu suka ƙoshi har suka kasa tashi. Ka tuna Buba, Bafulatanin da ke sauka a gonarmu bayan girbi shanunsa su yi mana taki. Cikin kwana goma garkensa ya ƙare, ko ƙaho ɗaya bai tsira ba. Na sa rigata ta Juma'a na tafi yi masa jaje, ina jin kaina malami. Na same shi zaune tsakanin turaku, babu komai a jikinsu sai igiyoyi a ƙasa. Shirun wurin ya yi min nauyi, sai na buɗe baki.

Na ce, "Buba, ka bincika da kyau, ko akwai zakkar da ba ka fitar ba. Allah ba ya kama bawa haka kawai."

Ya dube ni ya ce, "Kaɗo, maraƙin da aka haifa shekaranjiya, wace zakka ya hana?"

Sai na yi abin da na saba. Na ce to ai yanzu sai ya zo in koya masa riƙon hauya, ya san wahalar da geron furarsa ke sha. Ya yi ƴar dariya don kunya, har ya raka ni bakin hanya. Bayan mako guda aka riƙa ganinsa cikin daji da sanda a kafaɗa, yana kiran shanu da sunayensu, yana kora abin da babu. Ban ce maganata ce ta taɓa masa kai ba. Amma mutum ya faɗi, na je na ɗora masa laifi a kan asara.

To ka ji. Duk inda ka nufa za ka tarar da waɗanda duniya ta taka. Kada ka gaya musu dalilin Allah. Bai gaya maka ba, ni ma bai gaya min ba, bai naɗa ɗayanmu sankiransa ba. Ka zauna, ka miƙa ruwa, in da rami a haƙa ka karɓi magirbi. Liman ma kada ka riƙe shi da zafi. Abin da na yi wa Buba shi ya yi maka, shiru ne ya ba shi tsoro.

Na biyu ya fi wannan tsufa, shekararsa ɗaya da kai. Ka sha jin ana cewa marigayi Jibo, ko da yake babu wanda ya ga gawarsa. Ɗan Goggo Indo ne, ƙanwar mahaifina, taubashina ke nan. An gaya maka mahara ne suka kama shi. Haka ne, amma an datse labarin gaba da baya.

Ka san wasanmu na cika-ciki. Wanda ya riga kama taubashinsa ya ɗaure shi, ba saki sai ya fanshi kansa da rabonsa na naman da aka adana tun layya. Shekara biyu a jere Jibo na kama ni, ya ja ni cikin gari da igiyar akuya yana shela, "Wa zai sayi bawa? Ba ya noma, ba ya karatu, amma yana cin tuwon mutum uku!" Mata na leƙowa ta kan danga suna guɗa. A ta uku na shirya masa. Na tufka igiya ta musamman, rama zalla, kwana huɗu ina murza ta. Na same shi da hantsi yana sassabe a gonarsa ta bakin fadama, na faɗa masa ta baya, muka yi ta birgima muna dariya, har na samu na ɗaure shi a jikin gawo, hannu baya, ɗaurin da ingarma ba zai tsinka ba.

Ya ce, "Mato, ɗan banza, tururuwa na cina!"

Na ce, "Su ci mana, ai su ma cika-ciki suke yi."

"Wallahi in na kwance sai na tsige maka gemun nan guda bakwai."

"Tsaya nan, kada ka je ko'ina. Bari in kira mutane su ga sarkin kokawa."

Na kama hanyar gari ina waƙa. Ban yi nisa ba na ji ihun mata, na ji bindiga ta tashi, na hango mutane suna watsewa cikin daji. Wuƙata tana ƙuguna. Tsakanina da Jibo bai fi jifa biyu ba. Shekara ashirin da wani abu ina auna wannan tazara, Tanko, kullum ƙara gajarta take yi. Na faɗa cikin kaba na kwanta.

Da fari da dariya ya kira ni. "Mato, wasa ya ƙare, zo ka kwance ni." Ya sake kira, babu dariya. Daga nan ya daina kira, don ya ga maharan. Mutum uku ne, ɗaya a kan doki. Suka tsaya suna kallonsa, sai suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Alhamdu lillahi, yau Allah da kansa ya ɗaure mana." Babbansu ya sauka ya shafa ƙullin, ya ce wanda ya yi wannan ya san aikinsa. A rayuwata ba a taɓa yabon sana'ata da gaskiya kamar ranar ba. Sannan ya tambayi Jibo wa ya ɗaure shi, yana ina. Jibo bai amsa ba, aka ba shi gindin bindiga a baki. Ya ga inda na shiga, da idonsa ya gani. Ya juya fuskarsa wajen yamma, inda ba kowa, ya ce, "Ya tafi gari tun ɗazu." Ko tasu igiyar ba su ciro ba. Suka kwance shi daga gawon suka ja shi da tawa.

Gari ya san na ɗaure shi, don kowa ya san wasan. Babu wanda ya san ina kusa lokacin da aka kama shi. Na shiga yawo ina cewa ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Mutane na gyaɗa kai, har ana ba ni haƙuri. Na yi wata biyu ina cin wannan tuwo, yana min daɗi. Ran nan ina wucewa ta ƙofar Goggo Indo tana sheƙar gero, ta kira ni ba tare da ta ɗaga ido daga faifai ba.

"Mato, ɗan yayana, zo nan. Na ji kana yawo kana cewa Allah ya rubuta."

"Haka ne, Goggo."

"Allah ne ya zauna kwana huɗu a gindin tsamiya yana murza rama a cinya?"

Na sunkuyar da kai ina kallon geron.

"Tambayarka nake. Ni dai kai na gani. Ɗauki kayanka, kada in ƙara jin ka ɗora wa Allah. Abin da ke tsakanina da shi daban ne, kuma ni zan tambaye shi, ba kai ba."

Ta ci gaba da sheƙarta. Ba ta zage ni ba, ba ta ce ta yafe ba, har ta mutu. Na karɓi noman gonar Jibo ina kai mata amfanin, tana karɓa ta ce in ajiye can.

Ga abin da na tsinta a wannan, in ka ga yana da amfani. Kafin ka kai ƙarar Allah, ka ƙirga hannuwan mutane tukuna. Ranar rijiyar gabas akwai wanda ya nuna musu hanya, don baƙo bai san lokacin da matanmu ke ɗibar ruwa ba. Akwai wanda ya shayar da dawakinsu a hanya ya yi shiru. Akwai malamin da ya rubuta musu layar sa'a ya karɓi sadakarsa. Akwai wanda zai taya a kasuwa, akwai uwargidan da za ta ji daɗi ta samu mai yi mata daka. Kowannensu yana salla, kowannensu in ka tambaye shi zai ce Allah ya rubuta. Ba a taɓa yi wa wani ƙarya kamar yadda ake yi wa Allah ba, don an ga ba ya tankawa a nan take.

Na san abin da za ka ce, don kai ba Buba ba ne, ba ka jin kunyata. Za ka ce, to na ƙirga, saura fa? Wanda ya halicci hannuwan nan ba zai iya shanye su ba? Jinjirar da ba ta san hagu da dama ba fa? Gaskiyarka. In an kwashe na mutane akwai saura, kuma sauran nan ba ƙarami ba ne. Ni ma na tsaya a kansa. Ba ka sani ba, amma bayan maganar Goggo na yi shekara biyu ban sa goshi a ƙasa ba. In an kira salla sai in ce cikina ya ɓaci, har aka fara kawo min saiwoyi. Fushi nake da Allah don bai sa igiyar ta tsinke ba. Ka ji wauta, mai igiya yana fushi don igiyarsa ta yi ƙwari. Na zauna ina jiran aradu ta faɗo min. Ba ta faɗo ba. Geron shekarun nan biyu ma ya fi na kullum kyau, na yi ƙiba. Wannan ya fi aradu ba ni tsoro, don sai na ga kamar babu mai kula ko na yi ko ban yi ba.

Ba mafarki ne ya maido ni ba, ba wa'azi ba. Goggo ce, ita ma ba ta sani ba. Ba ta taɓa barin salla ta wuce ta ba, amma in ta sallame ba ta doguwar addu'a irin ta mutane. Sai ta buɗe tafin hannu ta ce, "Ka dai ga abin da aka yi. Ina jira." Shi ke nan, ta shafa ta tashi. Na sha jinta in na kai mata hatsi. Shekara goma sha ɗaya tana faɗin haka. Wata rana ina noma a gindin gawon nan, sai abin ya faɗo min: in babu mai jin tsohuwar nan, to mutumin da ya ce alhamdu lillahi a kan Jibo shi ne ya yi maganar ƙarshe. Ya ci, ya sha, zai mutu a kan shimfiɗarsa jikoki na yi masa fifita, kuma babu inda za a sake ta da zancen. Na juya wannan a bakina, na kasa haɗiye shi. Na ɗauki ruwan gorata na yi alwala a nan cikin kunya. Ban gane komai ba, yau ma ban gane ba. Sallata tun daga ranar irin zaman mai ƙara ce a ƙofar alƙali. Ba a kira shi ba, ba a kore shi ba, kuma ya san ranar da aka buɗe shari'ar shi ma sai an tambaye shi.

Akwai kuma abu ɗaya da ke hana ni sakewa da kafirci, ko na so. In ka ce min ina Allah yake ranar gawo, ban sani ba. Abin da na gani ta tsakanin ganyen kaba shi ne mutum a ɗaure, jini na zuba daga bakinsa, ya san inda wanda ya jefa shi cikin wannan hali yake kwance, kalma ɗaya ta isa, ya juya fuska. Mugunta na san inda take fitowa, na leƙa cikina na ga gidanta. Abin da Jibo ya yi ne ban san daga ina ya zo ba. Ba daga tsoro ba, ba daga riba ba. Duk mai son ya ce min sama babu kowa, sai ya fara gaya min wa ya sa wa Jibo wannan a zuciya.

Da a nan takardar ta ƙare, da ka ce tsohona ya sha wuya ya yi hankali. Bai yi ba. Saura kuskuren da ya sa na nemi takarda, kuma tun ɗazu nake jan ƙafa ina ba ka tsofaffin labarai don kada in iso gare shi.

Kamar kwana goma kafin ranar rijiyar gabas, na kai igiyoyi kasuwar Guci. Da rana ta take, mutum biyu suka tsaya a kaina. Baƙi ne, leɓunansu a bushe, tafiyarsu ta waɗanda suka daɗe a kan sirdi. Ba igiyar guga suke so ba, ba dabaibayi ba, ba ta ɗaurin kaya ba. Siriri suke so, na rama, kamu huɗu-huɗu, da zarge a baki, kuma da yawa. Tanko, duk mai igiya ya san awon kowace dabba. Na san na akuya, na san na jaki, na san na maraƙi. Wannan awo ba na dabba ba ne, kuma na sani tun kafin su rufe baki.

Ka san abin da ubanka ya ce? Na ce, "Wace irin akuya ce wannan, mai tafiya da ƙafa biyu?"

Ba su yi dariya ba. Ɗayan ya ce, "Tsoho, sayarwa kake ko wa'azi?"

Na sayar. Waɗanda ba su da zarge na zauna na yi musu a nan take, suna tsaye. Ba su yi ciniki ba, ni kuwa har na ji daɗin hakan. Na ce wa kaina in ban sayar ba na kusa da ni zai sayar. Na ce wa kaina ai kudu suka fuskanta, garin wasu za su. Ka ji kalmar, garin wasu. Na sayo wa uwarka gishiri, na sayo wa jinjirarku ƴar munduwa, na dawo ina raha a hanya. Ban gaya wa mai gari ba, ban ce mata su daina zuwa rijiya su kaɗai ba, don za a tambaye ni yadda na sani, in na faɗa kuma a tambaye ni don me na sayar.

Ranar da abin ya faru ina cikin waɗanda suka fara isa. Mutane suka yi kan jinjira. Ni kuwa idona ya sauka a kan wani guntun igiya a gefen komi, bai fi taƙi ɗaya ba, an datse shi da wuƙa. Ka san ni bahago ne, tufkata hagu take juyawa, daga nan har Dungas babu mai irinta. Na taka shi da ƙafa na tsaya a kai ina salati da ƙarfi tare da kowa, har hankalin mutane ya koma gari, sannan na duƙa na sa shi a aljihu. Shi ne ka gani naɗe cikin takardar nan. Ka juya shi ka duba da kanka, ka san hannuna.

Babu wanda ya sani sai uwarka, ita ma jiya da la'asar na gaya mata. Ta tashi ta ɗauki tulu ta fita, alhali randa cike take.

Ranar da ka yi wa liman tambayarka ina tsaye a bayanka, guntun nan yana aljihuna. Kana tambayar me Allah ya yi, wanda ya san abin da shi ya yi yana kusa da kai har yana jin numfashinka, ya bar ka ka tafi da fushinka sama. Wata uku na bar Allah yana ɗaukar min kaya, karo na biyu, kuma wannan karon babu Goggo da za ta kira ni.

Ka ce mutane iri biyu ne. Ka manta da mu, masu tufka igiya mu ce ba ruwanmu, kuma mun fi duka biyun yawa. Ba don mu ba da mai ɗaurewa bai kai ko'ina ba. Kana tsammani in ka ɗauki bindiga ka fita daga cikin waɗanda ake yi wa. Ka saurare ni, na girme ka a wauta. Kacallan nan ba zai aike ka wurin waɗanda suka ɗauki Saude ba, wataƙila ma tare suke cin tuwo. Zai aike ka wani ƙauye da ba ka taɓa jin sunansa ba, da hantsi, lokacin da maza ke gona. Za ka tarar da mata a bakin rijiya. Cikinsu akwai mai goyo. Wani zai ce maka, sauke wannan, zai rage mana sauri. Kai ne sabo, kai za a sa. Mijinta kuma yana can ya kai gero kasuwa, yana tunanin abin da zai sayo mata.

In neman Saude za ka, ka tafi da albarkata da duk abin da na mallaka. Ka bi kasuwanni, ka tambayi fatake, ka tambayi mata masu sayar da fura a bakin zango, su ne ke ganin wanda aka wuce da shi. Ka san zanen fuskarta, ka san tabon ƙuna a hannunta na dama. Ana samun mutane, ba kullum ba, amma ana samu. In ka ji ɗuriyarta ka aiko, gonar fadama da jakin nan biyu duk a tafi da su wurin fansa, ni da uwarka ma ci ganye. Wannan tafiya ba ta bukatar kacalla.

In kuwa wanda za ka kama kake nema, ba sai ka je Birni ba. Ina nan inda ka bar ni, a gindin tsamiya. Tambayar da ka yi wa liman, rabinta tawa ce. Ka dawo ka yi min ita ido da ido, a gaban mutane in ka so, abin da ka ga dama ka yi da ni ba zan kai ƙara ba. Sauran rabin ka riƙe shi, kada ka yar, kada kuma ka bari wani mai izu uku ko mai sittin ya lallashe ka da amsar da ba ta kai ba. Ka kai wa mai ita, Allah. Ban ce ka yi salla gobe ba, ni da na yi shekara biyu ina ƙaryar ciwon ciki ba ni da bakin cewa haka. Ka yi fushinka, Allah ya ga fushin da ya fi naka bai rushe ba. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka je ka sa ɗan wani ya tsaya a bakin ƙaramin kabari yana yin tambayar nan saboda kai.

Takarda ta ƙare, dama guda biyu na samu. Yayyenka mata uku suna gaishe ka, ba su san komai ba tukuna, zan gaya musu da bakina. Allah ya sauke ka lafiya duk inda ka nufa. Allah ya ba ka ruwa a inda ake ƙishi, ya ba ka masauki a garin da ba ka san kowa ba. Allah ya jiƙan ƴarka, ya sa Saude tana hannun da ke da sauran tausayi, ya haɗa fuskokinku. Allah ya tsare ka daga hannun mutane. Allah ya tsare mutane daga hannunka.

In ɗaya kawai za a karɓa cikin addu'o'in nan biyu na ƙarshe, na daɗe a kan wannan layi har tawada ta bushe a bakin alƙalami, kuma kai kaɗai ne ɗana namiji. A karɓi ta biyun.

Wassalamu. Mahaifinka, Mato.